Hutun keke da jirgin ruwa: yadda ake tafiya daga Brugge zuwa Amsterdam

Tsarin tafiyar ba shi da wuyar ganewa. Akwai jiragen ruwa da a da dakon yashi ko hatsi suke yi a kogunan Holan da Beljiyam, aka gyara cikinsu, aka yanka ɗakuna, aka sa kicin da falon cin abinci. A irinsu za ka kwana dare 7. Da safe bayan karin kumallo sai ka karɓi kekenka ka kama hanya, jirgin kuma ya ɗaga ya bi ruwa da akwatinka da komai naka, ku haɗu da la'asar a gari na gaba. Babu ɗaure kaya kullum, babu neman otal. Ranar da ƙafa ta ƙi, ka yi zamanka a jirgi kana shan shayi, gonaki na wucewa ta taga.

Ana yin irin wannan hutu a kogin Danube, da Mosel a Jamus, da yankin Burgundy a Faransa, amma ga wanda bai taɓa yi ba, ban ga hanyar da ta kai wadda ke tsakanin Brugge ta Beljiyam da Amsterdam ta Holan ba. Ƙasar shimfiɗe take, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Holan ma teku ya fi shi tudu, kuma masu keke suna da hanyarsu daban da ta motoci. Ana yin kilomita 30 zuwa 55 a rana. Duk wanda ya taɓa zuwa makaranta ko gona a kan keke zai iya. Masu dawowa da ƙorafi, in ka bincika, iska ce ta ba su kashi, ko sirdi, ko kuma sun raina agogon jirgi. Duk ana maganinsu tun daga gida.

Daga wane ɓangare za ka taso, kuma a wane wata

Jiragen nan kai-komo suke yi: wannan mako daga Amsterdam zuwa Brugge, mako mai zuwa su juyo. Kuɗin kusan ɗaya ne, garuruwan su ne dai, shi ya sa yawancin mutane ba sa duba wanne suka ɗauka. Kai ka duba. Iskar da ta fi kaɗawa a yankin daga kudu maso yamma take tasowa, ta wajen teku, kuma Brugge tana kudu maso yamma da Amsterdam. Wanda ya taso daga Amsterdam ke nan zai riƙa karɓar iska a ƙirji mafi yawan kwanaki, wanda ya taso daga Brugge kuwa tura shi za ta riƙa yi daga baya. A ƙasar da babu tudu babu dutse, babu abin da ke tare ta. In ta rutsa da kai a kan jinga, ruwa a hagu gonar dankali a dama, za ka ji kamar mai tura kurar ruwa cikin yashi: kana taka feda da iya ƙarfinka, keke na rarrafe. Ba kullum take bin wannan ƙa'ida ba, a watannin Afrilu da Mayu takan juyo daga arewa ko gabas, amma in za ka zaɓa, taso daga Brugge.

Kakar tafiyar daga Afrilu ne zuwa Oktoba. Afrilu lokacin furannin tulip ne, sai dai wannan hanya ba ta ratsa manyan gonakinsu, ga sanyin safiya da zai gigita mutumin Kano ko Damagaram. Yuli da Agusta cike suke da jama'a, kuɗi kuma ya hau. Ni na fi son farkon Satumba: zafin rana bai cika wuce digiri 20 ba, 'yan makaranta sun koma, kuma lokutan salla sun daidaita, abin da zan zo kansa a gaba.

Zaɓen jirgi

Jiragen iri biyu ne. Akwai ƙanana masu ɗaukar mutum 20 zuwa 30, inda ake cin abinci tare a lokaci guda, kafin kwana biyu kowa ya san kowa. Akwai manya masu ɗaukar mutum kusan 100, ɗakunansu sun fi faɗi amma babu wanda zai lura da kai. Ga baƙon fari, ƙaramin ya fi, musamman wanda ke da jagora mai hawa keke tare da ku. A wasu jiragen taswira kawai ake ba ka da bayanin hanya, ka kama gabanka. Wannan ma da daɗinsa, amma bari sai zuwa na biyu.

Kafin ka biya ko sisi, rubuta wa kamfanin ka tambaye su abubuwan nan, kuma ka ajiye amsar a rubuce. Wane harshe ake yi a jirgin a makon da ka zaɓa? Jamusawa sun fi kowa son irin wannan hutu, akwai makon da za ka tarar kowa Jamusanci yake yi, har bayanin hanya na dare. Kuɗin hayar keke yana cikin jimlar ko daban yake? Galibi daban ne, kuma mai batir kan kai ninkin na feda zalla. Tagar ɗakin tana buɗuwa, akwai na'urar sanyaya ɗaki? Ɗakunan a ƙasan jirgi suke, dab da ruwa, ƙanana ne ƙwarai: gado biyu, ɗan kabad, da banɗaki wanda in ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango da bango. Mai dafa abinci zai iya ba ka kifi da ganye duk mako? Sai babbar tambaya: in aka hana ni biza, nawa za ku mayar mini, kuma zuwa wace rana?

Kuɗin kujera ya haura Yuro 1,000 ga mutum ɗaya in biyu suka haɗa ɗaki, jirage masu kyau kuma sukan ninka haka. Wanda ke son ɗaki shi kaɗai zai ƙara kuɗi mai kauri. Abin sha ba ya ciki, haka ɗan ihsanin da ake tara wa ma'aikatan jirgi a daren ƙarshe. Ƙananan jirage kan cika tun watanni shida ko fiye kafin lokaci, saboda haka mai son Satumba ya fara magana tun farkon shekara.

Biza da tikiti

Holan da Beljiyam duk cikin yankin Schengen suke, biza ɗaya ta wadatar, kuma ranar da za ku ƙetare iyakar ƙasashen biyu galibi ba mai tambayar ka komai. Kuɗin bizar ya zama Yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, ban da kuɗin cibiyar da ke karɓar takardu. Ana iya nema tun watanni 6 kafin tafiya, kuma da wurin ya fi, domin samun ranar ganawa ma kansa aiki ne. Dole fasfonka ya kasance da sauran aƙalla watanni 3 bayan ranar da za ka baro Turai, da shafi biyu fanko. Sai inshorar lafiya ta tafiya mai ɗaukar nauyin aƙalla Yuro 30,000, da takardar banki, da shaidar aiki ko kasuwanci, da takardar kamfanin jirgi mai nuna sunanka da garin da za a kwana kowace rana.

Wace ƙasa za ka nema a wurinta? Wadda za ka fi daɗewa a cikinta. A wannan hanya darare kan rabu kusan daidai, uku can huɗu nan, abin da kan jawo ka-ce-na-ce a wajen karɓar takardu. Ka sauƙaƙa wa kanka: ƙara dare biyu a otal a Brugge kafin hawa jirgi, sai Beljiyam ta rinjaya a fili. Dama kana bukatar waɗannan kwanakin. Jirgin ruwa ba zai jira wanda jirgin samansa ya makara ba, akwatin da ya maƙale a wata tashar ma yana bukatar kwana ɗaya ya iso.

Ka yanki tikiti mai sauka a Brussels da tashi daga Amsterdam, kada ka yi na zuwa da dawowa gari ɗaya. Daga filin jirgin saman Brussels akwai jirgin ƙasa zuwa Brugge, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. A kan alluna za ka ga Brugge, Gent, Antwerpen, ko da takardun kamfanin sun rubuta Bruges, Ghent da Antwerp.

Batun kuɗin kashewa: shaguna da yawa a Holan kati kawai suke karɓa, wasu kuma ba kowane kati ba. Ka tabbatar wa kanka a banki cewa katinka yana aiki a waje da kuma iyakar abin da zai iya cirewa, sannan ka riƙe tsabar kuɗi a ƙananan takardu, na 10 da 20 da 50. Takardar Yuro 200 ko 500 ba mai karɓa a kanti.

Shirya jiki

Kilomita 45 a kan keke mai giya, a kan kwalta mai santsi, awa uku ne zuwa huɗu na taka feda, a warwatse cikin yini guda. Huhu da cinya ba su cika kasawa ba. Mazaunai ne ke kasawa, kuma a rana ta uku suke yi. Maganinsu sabo. Makonni shida kafin tafiya ka fara fita bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi da motoci su cika titi. Fara da kilomita 10, sau uku a mako, kana ƙarawa, har ka kai ga yin kilomita 40 yau ka sake yin 40 gobe. Wannan maimaitawar ita ce gwajin, domin a can kwana shida za ka jera. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon gwiwa ya ga likita tukuna.

In kana shakka, ɗauki mai batir, ba abin kunya ba ne, tsofaffin Holan da shi suke wuce samari. Injinsa yana taimaka maka ne kawai in kana taka feda, kuma yana yankewa a gudun kilomita 25 cikin awa. Amma yana da nauyi, wajen kilo 25, sai an yi hankali da shi wajen tsayawa da juyawa. Kada ka yi tunanin tahowa da naka daga gida, jiragen sama ba sa ɗaukar batirinsa.

Ranar da aka miƙa maka keke, kada ka karɓa ka ce na gode kawai. Hau, ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa: in ƙafarka ta miƙe sak, tsayin sirdi ya yi. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa. Matsa birki ɗaya-ɗaya ka ga wanne ke kama gaba wanne ke kama baya, don a kekunan Turai na dama kan kama tayar baya, ba lallai ya zo daidai da wanda hannunka ya saba ba. Wasu kekunan Holan ma birkinsu a feda yake, sai ka taka baya. Sannan ka dubi makullin da ke manne a saman tayar baya, mai kamar ƙawanya. Muddin kana tafiya, ɗan mabuɗin yana maƙale a jikinsa, ba ya fita sai ka danna sandar ta ratsa tsakanin wayoyin taya. Ko ruwa za ka shiga saya, kulle, zare mabuɗin, sa a aljihu mai zif. In aka sace keke ba ka da mabuɗin a hannu, kai za ka biya.

Abin da za ka ɗauka

Jaka mai laushi ta fi akwati mai tauri, domin ƙarƙashin gado za ta shiga. Rigar ruwa ta gaske da wandonta, ba leda ba. Rigunan sanyi marasa nauyi da za a iya jerawa a jiki a riƙa cirewa in rana ta ɗaga. Gajeren wando mai soso na 'yan keke, a sa shi daga ciki a ɗora dogon wando a kai, da man shafawa don gogayyar cinya. Safar hannu, tabarau, takalmi mai rufi. Doka ba ta tilasta hular kwano a kan keke a ƙasashen biyu ba, za ka ga 'yan Holan kai a buɗe, amma su tun suna shekara uku suke kan keke. Kai ka sa.

Babbar riga da kaftani mai tsawo su jira cin abincin dare. Ga mata, keke mai buɗaɗɗen tsakiya shi ne daidai, sai dogon wando da riga mai kaiwa gwiwa, da hijabi gajere da za a cusa cikin rigar sanyi. Doguwar riga ko mayafi mai lilo na iya shiga sarƙa ko wayoyin taya, kuma faɗuwar da ke biyo baya ba ta da kyau.

Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu. Mutumin Nijeriya ya sayi adafta tun daga gida, na Nijar kuwa cajarsa za ta shiga yadda take. Kilishi da dambun nama a bar su: an hana shigo da nama da madara cikin Tarayyar Turai daga waje, ƙwacewa za a yi. Yaji da dabino ba laifi, kuma a dare na huɗu za ka gode wa kanka da ka taho da yajin.

Abinci da salla

Da safe ana jera burodi iri-iri, cuku, ƙwai, madara, 'ya'yan itace da yankakken nama. A nan kowa ke haɗa abincin ranarsa: ka shafa wa burodi man shanu, ka ɗora cuku, ka naɗe a takarda, ka ɗauki tuffa ɗaya, ka cika gorarka a famfo, don ruwan famfonsu ana sha. Yankakken naman nan mafi yawansa alade ne. Kalmomin da za ka kiyaye a jikin kwali, don sukan nuna akwai alade, su ne varken, ham, spek da gelatine. A Beljiyam kuma akwai farfesun naman sa da ake ce wa stoofvlees, da barasa ake dafa shi. Mafi sauƙi ka rubuta tun wajen biyan kuɗi cewa kifi da ganye kake ci, babu alade babu barasa a girki, sannan daren farko ka je da kanka ka gaisa da mai dafa abinci ka maimaita masa. In ka yi marmarin nama, unguwar Borgerhout a Antwerp da titin Javastraat a gabashin Amsterdam cike suke da mahauta da gidajen abincin Turkawa da 'yan Maroko.

A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, isha ta kai kusan tsakar dare, asuba kuma ta shigo tun kafin ƙarfe 4. Ga wanda zai taka keke gobe, barcin bai isa ba. A tsakiyar Satumba kuwa magariba wajen ƙarfe 8 ce, rana kuma ba ta fitowa sai bayan 7. Azahar kan shiga kusan ƙarfe 1:40, lokacin kuna hanya, saboda haka ka sa 'yar sallaya mai naɗewa da ƙaramar buta a jakar keke, ka gaya wa jagora tun safe kana bukatar minti goma. Gefen jinga da inuwar bishiya ba sa ƙarewa. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, kuma tunda jirgi kan ɗaure ta kowace fuska, sake duba ta a waya kowane dare. A mazhabar Malikiyya matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana 4 a wuri ɗaya ba yana kasaru. Batun haɗa salloli kuwa, ka zauna da malaminka kafin ka tashi.

Dokar hanya

Dama ake bi, yadda muka saba. Hanyar keke galibi jan kwalta ce, da allo shuɗi zagayayye mai hoton keke. Ka riƙe gefen dama, ka miƙa hannu kafin ka juya, kuma kada ka tsaya cak a tsakiyar hanya don ɗaukar hoto: na bayanka yana sauri ne zuwa aiki. Fararen alwatika da aka jera a ƙasa a bakin mahaɗa, in tsininsu na kallon ka, kai za ka tsaya. Mahaɗar da ba ta da wata alama, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya. Taragon cikin gari kuwa kowa ba shi hanya yake yi, layin ƙarfensa kuma, a Gent da Antwerp da Amsterdam, ka ƙetare shi a gicciye, don in taya ta faɗa cikin ramin sai ƙasa. Tun Yulin 2019 an haramta riƙe waya a hannu a kan keke a Holan, tarar ta haura Yuro 100. Allon da ya ce fietsers afstappen yana nufin masu keke su sauka su tura, omleiding kuma an karkatar da hanya.

Ɓata kuwa da wuya, saboda wata dabara da wani injiniyan haƙar ma'adinai ɗan Beljiyam, Hugo Bollen, ya ƙirƙiro, aka fara amfani da ita a lardin Limburg a 1995. Kowace mahaɗar hanyoyin keke an ba ta lamba. A kowace mahaɗa akwai taswira da ƙananan alluna masu kore da fari da ke nuna lambobin da ke kusa. Hanyar yini guda sai ta zama jerin lambobi kawai. Da dare bayan cin abinci jagora zai karanto su, ka rubuta a 'yar takarda ka manna a kan keke da salatif. In ka yi minti goma ba ka ga allo ba, koma inda ka ga na ƙarshe.

Hanyar kanta

Kowane jirgi da ɗan bambancinsa, amma ƙashin bayan tafiyar ɗaya ne. Brugge, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2000, ka gama da ita a kwanakin otal: hasumiyar kasuwa mai matakala 366, da titunan dutse masu girgiza haƙori a kan keke. Ranar farko ta tafiya kanal ɗin da ya haɗa Brugge da Gent ake bi, a kan tsohuwar turbar da dawaki ke bi suna jan jirage. Rana ce ta koyon keke da sanin abokan tafiya. A Gent, in da sauran ƙarfi, leƙa tsohuwar fada mai ganuwa ta Gravensteen da aka gina a 1180.

Daga Gent kogin Schelde ya karɓe ku, kuma nan agogon jirgi ke nuna halinsa. Kogin yana cika yana janyewa tare da teku sau biyu a yini, a Antwerp bambancin ya kai wajen mita 5. Kyaftin ba shi ke zaɓar lokacin tashi ba, ruwa ke zaɓa masa. In ya ce ƙarfe 7 za a kwance igiya, 7 ɗin ce, wanda ya fita yawon safe ya dawo 7 da kwata zai tarar da gaɓa fayau. A wannan yanki akwai ƙananan jiragen fito da ke ƙetarar da masu keke kyauta, ana wucewa ta Dendermonde da Temse da Rupelmonde, garin da aka haifi mai zanen taswira Mercator a 1512. Shiga Antwerp ta ƙarƙashin kogi ake yi, ta ramin Sint-Anna da aka buɗe a 1933, tsawonsa mita 572. Tsofaffin matakalansa na katako masu tafiya da kansu har yau suna aiki, amma da keke mai nauyi ka jira lif.

Safiyar barin Antwerp galibi a jirgi ake yin ta, ana ratsa tashar jiragen ruwan da ba ta da na gaba a Turai sai Rotterdam. Ka fito waje ka ga yadda ake wuce ƙofar ruwa. Jirgi zai tsaya a gaban jar fitila, wani lokaci rabin awa, yana jiran manyan jiragen dakon kaya su fara shiga. Kore ta kama, ya lallaɓa cikin wani dogon akwatin kankare, ƙofa ta rufe a baya. Matuƙi ɗaya yana gaba da igiya a hannu, ya zarga ta a turken ƙarfe na jikin bango, bai ɗaure ba, yana sassautawa ko yana ja gwargwadon yadda ruwa ke sauka ko hawa. Bangon jiƙe yake, kore shar da gansakuka. Kada ka miƙa hannu tsakaninsa da jirgi, kada kuma ka ja matuƙin da hira sai ƙofar gaba ta buɗe. Wannan jira shi ke sa wani lokaci, in kuna kan keke, ku riga jirgi isa masauki.

Sai Zeeland ta ƙasar Holan da kewayenta, wajen Tholen da Willemstad, inda iska ta fi ko'ina ƙarfi. Nan ne ambaliyar teku ta 1953 ta kashe mutum fiye da 1,800 a Holan, abin da ya sa suka gina manyan madatsun da ake kira Delta. Kana tafe a kan jinga za ka lura ruwan da ke gefe guda ya fi rufin wasu gidajen da ke ɗaya gefen tudu. Dordrecht, wadda ta samu matsayin birni a 1220, wurin kwana ne mai daɗi. Washegari Kinderdijk: injinan iska 19 da aka gina wajen 1740 don kwashe ruwa daga ƙasa mai kwari a zuba a kogi. Ku isa da wuri, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke jama'a. Daga nan a bi kogin Lek ta Schoonhoven, garin maƙeran azurfa, zuwa Vianen. Rana ta ƙarshe kogin Vecht ne, mai lanƙwasa, da gidajen hutun attajiran Amsterdam na ƙarni na 17 da 18, da Breukelen, garin da Brooklyn ta Amurka ta samo sunanta.

In wani abu ya faru a hanya

Kowace safiya ka fita da lambar wayar jirgi da ta jagora, da sunan gaɓar da za a ɗaure da yamma, a rubuce a takarda ba a waya kaɗai ba, tare da fasfonka a cikin leda. Layin waya mai aiki a ƙasashen biyu wajibi ne. In taya ta yi faci kuna tare da jagora, shi zai gyara. In kai kaɗai ne, jakar keken na da kayan faci da famfo, kusan kowane gari kuma yana da mai gyara, sai dai da yawa ba sa buɗewa ranar Lahadi. In ka gaji a tsakiyar hanya, ka sani jirgi ba ya tsayawa ko'ina ya ɗauke ka. Mafita jirgin ƙasa ne, da tikitin keke daban, kuma a Holan ba a shiga da keke lokacin cunkoson safe da yamma a ranakun aiki. Shi ya sa shawarar hutawa da safe ake yanke ta, kafin a sauke kekuna. Manhajar Buienradar tana nuna ruwan sama na awanni biyu masu zuwa, sau da yawa fakewar minti ashirin ta isa. Lambar gaggawa 112 ce a ƙasashen biyu.

Kilomitocin ƙarshe na shiga Amsterdam su ne mafi cunkoso a duk makon, ku bi jagora a jere ɗaya bayan ɗaya, ba hira. Da kun isa za a karɓi keke da mabuɗi da jaka, a daren kuma ake biyan kuɗin abin sha. Washegari ana barin ɗaki bayan karin kumallo, wajen ƙarfe 9. Jirgin ƙasa daga babbar tashar Amsterdam zuwa filin jirgin saman Schiphol bai kai minti 20 ba, amma layin tantance fasfo kan yi tsawo, saboda haka kada ka yanki tikitin da zai tashi kafin azahar.